Baƙin Hunturu: Yadda Ake Kallon Tsuntsaye a Bakin Ruwa, Fadama da Cikin Unguwa

Kowa a ƙasar nan ya san shamuwa. Idan ta sauka a kan tsamiya ko rimin bakin gari, manomi ya san lokacin sharar gona ya yi. Idan kaka ta shigo kuma, sai a wayi gari babu ita, ta yi kudu. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a daidai makonnin da take tattara nata-ya-nata, wasu baƙin ne ke sauka a bakin ruwanmu daga arewa. Sanyi da ƙanƙara sun rufe musu abinci a Turai da yammacin Asiya, sai suka ƙetaro Bahar Rum, suka ƙetaro Sahara wadda faɗinta ya haura kilomita 1,500. Wasunsu nauyinsu bai wuce giram 20 ba, wato kamar dunƙulen magi biyar a tafin hannu. Daga Oktoba zuwa Maris suna tare da mu a madatsun ruwa na Dadin Kowa, da Balanga, da Gubi, da kowace fadama mai sauran danshi, mu kuwa muna wuce su a kan babur ba mu ko waiwaya.

A ƙasashen da ke bakin teku, masu wannan sha'awa suna bin gaɓa ne lokacin sanyi, su jira ruwan teku ya janye ya bar taɓo, tsuntsaye su sauko kiwo. Mu a Gombe da Bauchi ba mu da teku, amma rani yana yi mana wannan aikin sannu a hankali. Kullum ruwan madatsa da na tafki yana ja da baya, yana barin sabon taɓo cike da tsutsa da ƙwari da ƙananan dodon koɗi. Duk sirrin kallon tsuntsayen hunturu yana kan wannan siririn layin da ke tsakanin ruwa da busasshiyar ƙasa.

Mataki na farko: fara da 'yan gida

Kada ka fara da tafiya madatsa. Ka fara da ƙofar gidanku, ko a Pantami kake, ko Jekadafari, ko Yelwa, ko Fadaman Mada. Dalili kuwa, wanda bai san 'yan gida ba ba ya gane baƙo. Na ga mutane sun sha wahalar zuwa bakin ruwa, suka dawo suna cewa balbela kawai suka gani, alhali fararen tsuntsaye iri uku ne suka tsaya a gabansu.

Ka ware mako guda. Kullum bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, ka zauna wuri ɗaya minti ashirin, ka rubuta duk abin da ka gani. Kurciya za ta zo, da hasbiya mai jan da'ira a ido wadda ke zama a kan rufin kwano, da hankaka, da gwara, da baiwar Allah da ke tsince-tsince kusa da turmi. Shirwa za ta yi shawagi a saman mahauta. In akwai manyan itatuwa kusa, za ka ji cilakowa tana kuka kafin ka gan ta. Kada ka tsaya a suna kawai. Ka dubi yadda kowanne ke tashi: cilakowa tana kaɗa fiffike sau uku ko huɗu sannan ta saki jiki ta zame, hasbiya kuwa tana tashi da tafi kamar an buga hannu. Bayan mako ɗaya idonka zai fara tsayawa da kansa a kan duk abin da ba ya cikin wannan jeri, kuma abin da ake nema ke nan.

In kana da zaɓin itacen da za ka zauna a kusa da shi, ka zaɓi gawo. Shi kaɗai ne yake zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani, don haka a lokacin da sauran itatuwa suka bushe shi yake cike da ƙwari, ƙananan baƙi masu launin toka da ruwan ƙasa suna ta tsalle a cikin rassansa. Bagaruwa da aduwa ma suna tara su. Ɓaure da cediya idan sun yi 'ya'ya sai ka ga kamar kasuwa. Dogon yaro kuwa, duk da inuwarsa da yawansa a titunanmu, ba ya tara ƙwari sosai, saboda haka baƙin ba su cika damuwa da shi ba. Ina son inuwar dogon yaro kamar kowa, amma ina jin takaici duk lokacin da aka sare gawo don itacen girki aka maye gurbinsa da shi.

Mataki na biyu: kayan tafiya

Ba su da yawa. Littafin rubutu ƙarami da fensir, domin biro yana ƙin rubutu idan ƙura ta hau takarda. Rigar sanyi mai launin ƙasa ko toka. Farar riga mai sheƙi tana korar tsuntsu tun daga nesa. Takalmi rufaffe. Ruwan sha, da man leɓe, da hula.

Madubin hangen nesa yana taimakawa ƙwarai, kuma idan za ka saya ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lamba 8 tana nufin zai kusanto maka da abu ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke shigar da haske. Kada manyan lambobi su ruɗe ka a kasuwa. Wanda ke kusantowa ninki 20 ba ya riƙuwa a hannu, hoton rawa zai yi ta yi har kanka ya yi ciwo. Kafin ka biya, ka kalli wayar lantarki da ido biyu ta cikinsa. Idan ta rabu gida biyu, madubin ya goce, ka ajiye shi. Ƙurar hunturu kuma maƙiyiyar gilashi ce: ka hure ta tukuna kafin ka goge da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba yashin zai karce shi.

Akwai manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsu, da ta eBird ta ajiye jerin abin da ka gani, dukansu kyauta ne, na jami'ar Cornell ta Amurka. Ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu tun kana gari, domin a bakin ruwa sau da yawa babu sabis. Amma ka riƙe manhajar a matsayin mai ba da shawara. Abin da idonka ya gani kuma hannunka ya rubuta shi ne hujja.

Mataki na uku: ina za a je, kuma yaushe

Ga mutumin Gombe, Dadin Kowa ce ta fi sauƙi. Tana kan kogin Gongola a ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, tafiyar ƙasa da awa guda ta hanyar Biu, ka wuce Kwadon da lambunanta. Ba jikin ginin madatsar kake nema ba, inda ruwa ke da zurfi. Gefen da ruwa ya yi faɗi ya zama marar zurfi, da gonakin shinkafar rani da ke ƙasa da madatsar, da tsibiran yashin cikin kogi, can tsuntsaye suke. Balanga ma haka take, ga wanda ke wajen Talasse. Mutumin Bauchi yana da Gubi a kusa, yana da tafkin Maladumba a ƙasar Misau, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Yankari kuwa an ƙirga tsuntsaye sama da iri 350 a cikinta, kuma da rani komai yana taruwa a kwarin kogin Gaji. Sai dai can ba ka shiga daji sai da ɗan rakiya na wurin. Wanda ya samu hali ya kai dausayin Haɗeja da Nguru, zai ga agwagin ruwa dubbai a wuri ɗaya. Amma ka fara da na kusa da kai, ka yi ta komawa. Wuri ɗaya sau goma ya fi wuri goma sau ɗaya koyar da mutum.

Disamba zuwa Fabrairu ne tsakiyar lokacin. A Janairu rana tana fitowa bayan ƙarfe shida da rabi, don haka ka yi ƙoƙari bakwai ta same ka a zaune. Daga nan zuwa goma shi ne lokaci mai albarka, sai kuma daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Ranar da hazo ya yi kauri, launi yana ɓacewa, komai ya koma toka-toka. Irin wannan rana ba asara ba ce, ita ce ke tilasta maka koyon siffa da motsi. Ka kuma lura da inda rana take: da safe ka zauna ta gabas da tsuntsayen, rana tana bayanka. Idan ka fuskance ta, inuwa baƙa kawai za ka yi ta gani.

Mataki na huɗu: gaisuwa kafin kallo

Wannan matakin ne na fi so a riƙe. Baƙon mutum da madubi a wuya, yana leƙen bakin ruwa yana rubuce-rubuce, a wannan zamani dole a yi masa kallon tuhuma, kuma mutane suna da gaskiya. Ka fara zuwa wurin mai unguwa ko sarkin ruwa, ka yi sallama, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Idan akwai jami'an tsaro kusa da ginin madatsa, ka gabatar da kanka, kuma kada ka ɗauki hoton gini ko injina ba da izini ba.

Ribar gaisuwar ta wuce kariya. Wata safiya na tarar da wani dattijo masunci yana ɗinkin koma a gindin kwalekwalensa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, agwagin nan ƙanana da ke zuwa da sanyi, ta ina suke kwana?" Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Yaro, ai ba kwana suke da dare ba, kiwo suke. Da rana suke barci. Ka bi ta bayan kacallar can, ka zauna, kada ka yi tari." Na bi, na same su sun fi ɗari, kowacce ta cusa baki cikin fiffike. Abin da ya faɗa kuwa haka yake: waɗannan agwagi da dare suke fita kiwo, su wuni suna hutawa a tsakiyar ruwa. Masunta da makiyaya da masu noman rani sun san tsuntsayen nan fiye da yawancinmu 'yan boko. In ka miƙa musu madubin suka duba, hira ta buɗe ke nan, kuma za ka ji sunayen da babu su a kowane littafi. Ka rubuta su.

Mataki na biyar: zama, da yadda ake duba

Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye. Ka bi a karkace, a hankali, kana tsayawa. Idan ka ga sun ɗaga kai gaba ɗaya sun daina kiwo, ka kai iyaka, ka tsaya nan ka zauna. Zakaran ƙeƙuwa ne zai fara tona maka asiri, ya tashi yana ihu yana zagaye kanka. Ka ƙyale shi. Bayan minti goma ko sha biyar zai gaji, sauran su koma harkarsu, har wasu su matso kusa da kai fiye da yadda za ka iya matsawa kusa da su.

Idan ka ga wanda ba ka sani ba, kada ka yi saurin buɗe waya, domin kafin ka ɗago ya tafi. Ka dube shi ka amsa tambayoyi biyar a zuci. Girmansa: kamar gwara, ko kurciya, ko kaza? Bakinsa: gajere ne, ko dogo, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, wane launi? Ƙafafunsa: tsawonsu da launinsu. Me yake yi? A ina yake tsaye, cikin ruwa, ko taɓo, ko kan kara? Sai ka rubuta, ka zana ko da zanen bai yi kyau ba, sannan ka nemi suna.

Ga waɗanda za ka fara haɗuwa da su. Cikin 'yan gida akwai kirinjijiya mai farar fuska, wadda ke tashi garke-garke tana fito mai gaɓa uku. Da dinya, babba baƙa da fari. Da takabado mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado kamar a kan tabarma. Da zalɓe da ke tsayawa cik kamar an dasa shi. Akwai ɗan kamun kifi mai baƙi da fari da ke tsayawa wuri ɗaya a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa da ka. Fararen nan kuma ka bambanta su: balbela gajeriya ce mai rawayan baki, tana bin shanu, wadda ke cikin ruwa mai siririn baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu da rawayan yatsu wata ce daban, akwai kuma babbar da ta kusa kai zalɓe tsawo.

Baƙin kuwa, wanda na fi so mutum ya fara da shi wani ɗan tsuntsu ne da bai kai kurciya ba, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari fat, farin ya ɗan hau kafaɗarsa kamar an shafa alli. Shi kaɗai yake kiwo a bakin ruwa, kuma ba ya daina kaɗa gindinsa sama da ƙasa ko da yana tsaye. In ya tashi, sai ya bi dab da fuskar ruwa da fikafikai a sanƙare, yana ɗan karkaɗa su, yana kuka siriri. Na taɓa zama kusa da ɗaya har ina ganin taɓon da ya manne a yatsunsa. Ya zaro tsutsa, ya kai ta bakin ruwa ya ɗauraye, sannan ya haɗiye. A bakin wani kogi na Turai ko Rasha aka ƙyanƙyashe shi, ga shi yana wanke abincinsa a Gongola.

Na biyu, ka dubi ƙafafun shanu idan an kawo su shan ruwa. Za ka ga wani siririn tsuntsu mai rawayan ciki da doguwar wutsiya yana gudu a tsakanin kofatai, yana cafke ƙwarin da shanun suka tayar. Shi ne mai nauyin magi biyar ɗin nan. Da yamma suna taruwa da yawa su kwana cikin kacalla.

Sai agwagwa ƙarama wadda namijinta ke da farar gira mai kauri daga ido zuwa ƙeya. Girar ta fi fitowa sosai wajen Fabrairu. Ita ce ta fi yawa cikin agwagin da ke zuwa yankin Sahel daga arewa. Wata kuma doguwar wuya gare ta da wutsiya mai tsini. A gonakin shinkafa za ka ga garken wasu masu dogayen ƙafafu suna tsintar abin da ya zube. A sama kuma ka sa ido ga shaho iri biyu: ɗaya yana bin saman kacalla ƙasa-ƙasa, fikafikansa a ɗage kaɗan, macen ruwan ƙasa ce mai duhu da hula ruwan madara, ɗayan fari ne ta ƙasa da baƙin layi a ido, yana faɗawa ruwa da ƙafafu ya fito da kifi, ya juya kan kifin gaba kafin ya tafi da shi.

Mataki na shida: ƙirga da rubutu

A saman shafi ka sa kwanan wata, da wuri, da lokacin farawa da gamawa, da yanayin gari. Garke babba ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga goma, ka ga girman wurin da suka ci, sannan ka yi ta aunawa da wannan goman har ƙarshen garken. In sun yi yawa ka auna da hamsin. Ka maimaita sau biyu ka ɗauki tsakiya. Wanda ba ka tabbatar da shi ba, ka sa masa alamar tambaya. Wannan alamar ba abin kunya ba ce, ita ce ke sa a yarda da sauran abin da ka rubuta.

Rubutun nan yana da inda zai yi amfani. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a kowane Janairu, kuma yawancin masu yin ta 'yan sa-kai ne. A Najeriya akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen ƙasar nan. An raba ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara a tsaye tara a kwance, masu sha'awa suna shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Ɗalibi a Dukku ko Darazo da wayarsa zai iya cike gurbin da babu wanda ya taɓa cikewa.

In ka ci karo da tsuntsu mai zobe a ƙafa, a hannun mafarauci ko cikin komar masunci, ba asiri ba ne kuma ba na'urar leƙen asiri ba ce. Masu bincike ne suka sa, kuma a jikin zoben akwai lamba da sunan gari ko cibiyar da ta sa shi. Ka ɗauki hoton rubutun, ka rubuta rana da wuri, ka aika wa masu binciken. In tsuntsun yana da rai, ka roƙa a sake shi da zobensa.

Abubuwan da ba a wasa da su

Akwai dorina a ruwan Dadin Kowa da kogin Gongola, kuma manoman yankin sun sha yin asara a dalilinta. Ka tambayi masunta inda take fitowa, kada ka taɓa shiga tsakaninta da ruwa, kada ka kai duhu a bakin kogi. Kada ka shiga ruwan da ke kwance da ƙafa, saboda tsargiya. Ka dubi inda za ka sa ƙafa da inda za ka zauna. Kububuwa tana son busasshiyar ciyawa da gindin duwatsu, kuma ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Kwalekwale kuwa, in babu rigar hana nutsewa ko an cika shi, ka haƙura. Mataccen tsuntsu ko mai layi kamar ya bugu, kada ka taɓa shi, kada ka bari yara su kai gida. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006, kuma tana iya gamawa da kajin gida gaba ɗaya. Ka sanar da ma'aikatan dabbobi.

Su ma tsuntsayen suna da haƙƙi a kanka. Kada ka tayar da garke don ka samu hoton tashi. Duk tashin da suka yi a banza, kitsen da suke tarawa ne na komawa gida yake ƙonewa. Yaran da za su biyo ka da danƙo, kada ka kore su da faɗa. Ka ba su madubin su duba ɗaya bayan ɗaya, ka sa su ƙirga maka. Ka tambayi dattawan wurin yaushe rabonsu da ganin gauraka, ko ungulu a mahauta, ka rubuta amsar tare da sauran.

Daga tsakiyar Maris za ka ga canji. Mai rawayan cikin nan zai ƙara haske kamar an rina shi, ya yi ƙiba har ƙirjinsa ya cika, yana ci ba ji ba gani. Agwagin za su ragu mako bayan mako. Wata safiya cikin Afrilu za a kawo shanu shan ruwa, ka duba tsakanin ƙafafunsu ka ga balbela kaɗai. Ka rubuta ranar. Sannan ka buɗe sabon shafi ka fara duban kan tsamiya da rimi, domin shamuwa tana hanya.